Halinsa Ne

A Marutar da na taso a cikinta, tun muna Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, da wuya ka sami unguwar da ba ta da mutum ɗaya da kowa ya san sai an bi shi a hankali. Ba mahaukaci nake nufi ba. Mahaukaci an san shi, yara na bin sa da jifa, manya na korar yaran. Wannan kuwa yana da gida, yana da sana'a, sahun farko ba ya wuce shi a masallaci, wani ma har da mata da 'ya'ya. Wasu 'yan abubuwa ne suka ware shi, kuma gari duk ya haddace su: ba ya zuwa wurin biki, ba ya son a taɓa masa kaya, in ka yi masa gatse sai ya ɗauka da gaske kake, in kuwa ya kama zancen abin da yake so, to sai kiran salla ya raba ku. Baƙo in ya tambaya, amsar ba ta wuce kalma biyu: halinsa ne. Tsofaffi su ƙara da cewa hali zanen dutse, a wuce wurin.

Namu a gida ƙanin babana ne. Baffa shi ne ma'ajin lissafin gandunmu, ba da alƙalami ba, da ka. Duk damin gero da na dawa da ya shiga rumbu ya san adadinsa, ya san na bara da na bara waccan, har ya kai ka shekarar farin 1973 yana jera maka abin da kowace gona ta bayar. In matan gida suka yi saɓani kan tiya nawa aka auna wa wance, ba a kai ga rantsuwa, yaro ake aika ya tambayo Baffa. Da rani ɗinkin hula yake yi a zaure, a kusurwa ɗaya, a kan buzu ɗaya. Zarensa a jere yake launi-launi cikin wani tsohon gwangwani. Ranar da wani yaro ya birkita masa su, Baffa bai dake shi ba, bai zage shi ba. Jikinsa ne ya ɗauki rawa, ya wuni bai sa komai a baki ba sai da ya mayar da kowane zare mazauninsa. Tuwon dawa miyar kuka a akushinsa, cimarsa ke nan, kuma in aka canja mai daddawa ya sani tun loma ta farko. Ranar salla kowa na taƙama da sabuwar shadda, shi tsohuwar rigarsa zai sa, don sabon yadi, in ji shi, cizonsa yake yi. Da makaɗa sun shigo unguwa da kalangu, sai ka hango shi ya nufi gona da yatsu a kunne.

Akwai shekarar da babana ya tafi da shi kasuwar Sara sayar da rago, ina biye da su. Dillali ya kawo mai saye, ana cikin tayi da albarka, sai Baffa ya dubi ƙasa ya shaida wa mutumin cewa ragon ya yi zawo da damina, kuma ƙafarsa ta baya ta taɓa gocewa. Nan take kuɗi suka ragu. A hanyar dawowa babana bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Daga yau kai ka riƙe igiya, ni in yi magana." Baffa ya ce, "To, Yaya. Amma ai ya yi zawon." Babana ya ce, "Ya yi." Haka suka zauna har mutuwa ta raba su.

Baffa ya rasu likita bai taɓa duba shi a kan wannan ba, kuma ba hurumina ba ne in laƙaba masa suna bayan ransa. Sai dai duk wanda ya saurari bayanin lalurar da gidajen rediyo ke kira galahanga, likitoci kuma otizim, zai ji kamar zaurenmu ake siffantawa: wahalar gane abin da mutane ke nufi in ba su faɗe shi ƙarara ba, riƙe tsari ɗaya da firgita in ya sauya, nutsewa cikin abu guda, da jin ƙara ko ƙanshi ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai in na waiwaya shi ne yadda zaman wancan lokaci ya yi wa irin su Baffa gurbi, ba tare da wani ya zauna ya tsara ba. Gandu ya raba aiki. Mai baki shi ke zuwa gaban dagaci, shi ke biyan haraji kafin Abubakar Rimi ya soke shi a 1979, shi ke nemo wa ƙanne aure, shi ke ciniki. Mai hannu ya yi noma. Ba a taɓa buƙatar Baffa ya tallata kansa a gaban kowa ba. Shekara kuma turba ɗaya take bi: sharar gona, shuka, noma, maimai, girbi, rani. Salla biyar ta raba yini gida biyar. Mutumin da sauyi ke razana shi, ina zai sami abin da ya fi wannan? Gaisuwarmu ma a haddace take. Ina kwana, lafiya lau; ina gajiya, ba gajiya; ya iyali, lafiya ƙalau. Wanda bai iya ƙirƙirar hira ba zai sauke haƙƙin maƙwabci da waɗannan ya wuce, ba a ga gazawarsa ba. Yaron da ba ya kallon idon manya yabonsa ake yi, a ce yana da kunya. Wanda ba ya shiga wasan yara, a ce ba shi da ƙiriniya. A makarantar allo kowa rangaji yake yi gaba da baya yana maimaita aya, to wa zai lura da wanda rangajin ba ya barinsa ko bayan an tashi? In kuwa Allah ya ba shi kaifin hadda, kamar yadda yakan ba wasunsu, sai ya zama gardi abin nuni.

Kada wannan ya sa a ɗauka kowa ya ji daɗin da. Gurbin nan na namiji ne mai magana, mai ƙarfin noma, wanda Allah ya haɗa shi da yaya mai haƙuri. Yaron da ya kai shekara 6 bai ce uffan ba, yana buga kansa da bango, yana kwana ihu, shi ba a cewa halinsa ne. Cewa ake an shafe shi, ko iska ce, ko uwarsa ta yi wanka da almuru tana da ciki, ko kishiya ce ta yi aiki. A ɗura masa rubutu, a turara masa hayaƙi har idonsa ya kaɗa, a rataya masa laya, wasu su kai shi wurin 'yan bori a ɓoye. In an gaji, a ɗaure masa ƙafa da zane a jikin ginshiƙi don kada ya faɗa rijiya, a shige da shi ƙurya in an yi baƙi. Na san gida a unguwarmu da sai ranar jana'izar yaron mutane da yawa suka san an taɓa haifarsa. Iyayen nan ba mugaye ba ne. Sun sayar da akuya da ɗankunne wurin neman magani, ba wanda ya taɓa ce musu yaron na iya koyon nuna abin da yake so da hannu, ko ya ce ihun nan na dare wataƙila ciwon haƙori ne da ya kasa faɗa.

Na mata ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi ciwo. Yarinya mai shiru ana son ta a gidan ubanta. Ranar da aka kai ta ɗakin miji ake fara mata lissafi. Zaman mata a gidan Bahaushe rabinsa habaici ne: a faɗa wa kaza magana don kishiya ta ji, a yi waƙa a bakin turmi, a dire kwano da ƙarfi. Wadda ba ta karanta fuska, ba ta gane zagi a cikin yabo, ta faɗi abin da ta gani a gaban uwar miji, ba ta daɗewa. Wata ƙanwar kakata aure uku ta yi, babu wanda ya yi nisa. Ba a taɓa kama ta da ƙazanta ko rashin kamun kai ba. Laifinta kullum ɗaya ne: miskila ce, ba ta iya zama da mutane ba, ba ta zuwa barka, ba ta zuwa suna. A ɗakin da ke bayan na kakarmu ta ƙare rayuwarta tana kaɗi, zarenta kuwa masaƙa rububinsa suke yi. Har ta bar duniya ganin kanta take yi a matsayin wadda ta gaza.

A daidai shekarun da ake haihuwar su Baffa, can a Amurka wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins, ya wallafa bayanin yara 11 a 1943, maza 8 mata 3. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya rubuta nasa a Viyana, kan yara masu magana da basira amma masu wahalar cuɗanya. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, labarinsa ya fi kusa da namu. An haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi. Yana ɗan shekara 3 aka kai shi wata cibiyar tsare yara, bayan kimanin shekara iyayensa suka kasa jurewa suka ɗauko shi. Daga baya aka ba wasu manoma riƙonsa na shekara 4. Da suka ga ba ya rabuwa da ƙidaya da awo, ba su hana shi ba: suka sa shi ƙidaya kunyoyin masara yana nome su, suka sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta. Ya girma ya yi aiki sama da shekara 60 a bankin garinsu, wanda danginsa ke da hannu a ciki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a Yunin 2023 yana da shekara 89. Dangi, ƙaramin gari da ya san halinsa, da aikin da ya dace da kansa, su suka riƙe shi, kamar yadda suka riƙe Baffa.

Sunan ya daɗe bai ƙetaro wurinmu ba, har wasu masana suka yi zaton lalura ce ta ƙasashen Turawa. A 1978 Victor Lotter ya wallafa binciken da ya yi a ƙasashen Afirka 6, har da Najeriya. Ya duba yara sama da 1,300 masu raunin ƙwaƙwalwa, ya sami 9 da suka cika sharuɗɗan. Amma ma'aunin wancan zamani ƙunci gare shi. Binciken da shi Lotter ya yi a Ingila a 1966 yaro 4 zuwa 5 ya samu cikin 10,000. Lorna Wing, likita a Landan wadda 'yarta ke da lalurar, ita ta nuna tsakanin 1979 da 1981 cewa abin hawa-hawa ne, daga wanda ba ya magana sam har zuwa malamin jami'a. A 1994 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya shigar da nau'in Asperger, a 2013 aka haɗe su duka ƙarƙashin suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100. A Amurka, inda ake bin diddigi sosai, lissafin ya tashi daga 1 cikin 150 a 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020, kuma babban dalilin hauhawar shi ne faɗaɗa ma'auni da buɗewar ido. Allurar rigakafi ba ta kawo galahanga. Wannan ya kamata a faɗe shi da ƙarfi a yankin da ya ga abin da ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 ta jawo. Takardar Andrew Wakefield ta 1998 da ta haifar da zargin, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa. Gado ne ya fi rinjaye: wani bincike na 2019 a ƙasashe 5, kan mutum sama da miliyan 2, ya ƙiyasta tasirin gado da kusan kashi 80 cikin 100.

Ke nan ko a Landan aka haifi mutum, in dai kafin 1990 ne, kuma yana magana yana cin jarrabawa, da wuya a gane shi yana yaro. Shi ya sa manya ke zuwa neman gwaji yanzu. Mawaƙiyar nan ta Sikotilan, Susan Boyle, ta taso ana ce mata ƙwaƙwalwarta ce ta sami rauni wurin haihuwa, yara na yi mata laƙabin wauta. Sai da ta haura shekara 50 aka gano Asperger ce, ta kuma bayyana a 2013 cewa sanin ya sauke mata nauyi.

Mu nan sunan ya iso ne daidai lokacin da gurbin ke rushewa. Tun da aka buɗe makarantun firamare na bai-ɗaya a 1976, yaro ya shiga aji mai cunkoso da ƙararrawa da malamai masu sauyawa. Gandu ya watse, gonaki suka zama guntu-guntu wurin rabon gado, kowane magidanci ya zama shi ne bakin kansa. Neman aiki sai an zauna gaban kwamiti an dubi idon mutane. Garin da dare in ya yi sai kukan kwaɗi, yanzu janareto ne da injin niƙa da babura da lasifika. Wayar hannu da ta shigo ƙasar a 2001 ta sa ba ka da sa'ar da wani ba zai iya kutso maka ba. Amaryar yau kuma ba irin Inna matar Baffa ba ce, da ta zauna da shi har tsufa ba ta taɓa jiran ya ce mata ta yi kyau ba. Ta yau hira take so, kuma haƙƙinta ne.

Wanda wannan sauyi ya faɗa wa shi ne ɗan farin Baffa, ƙanina, wanda yanzu ya haura arba'in. Malamin lissafi ne a wata sakandare, ɗalibansa na cin jarrabawa, amma an sha ɗauke shi daga makaranta zuwa makaranta. A wata ya miƙe a taron malamai ya ce alƙaluman rajista ba daidai suke ba, shugaban makaranta na zaune. Aurensa na fari ya mutu, matar ta ce zama da shi da zaman kaɗaici duk ɗaya. Bayan nan barci ya ƙaurace masa, aka kai shi wani wuri aka ba shi ƙwayoyin masu taɓin hankali, wuyansa ya sandare, yawu ya riƙa zuba, sai da aka dakatar. Ya sake aure, Allah ya ba shi ɗa namiji. Yaron ya kai shekara 4 babu magana, aka kai shi Birnin Kudu, daga can aka tura su Kano. Likita na jero tambayoyi kan yaron: yana juyowa in an kira sunansa? yana jera kaya a layi? yana toshe kunne? yana ƙin wani irin abinci? Matar na amsawa, can sai ta ce, "Likita, ai babansa ma haka yake." Likitan ya ɗago ya dube shi, ya ce in yana so, shi ma ana iya duba shi.

Da ya zo mini da maganar bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, in je ko in bari?"

Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya amsa ta da sauri bai san garinmu ba. Da farko, gwajin ba na jini ba ne, ba kuma hoton kai ba ne. Zama ne da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam, wani lokaci zama fiye da ɗaya, ana tambaya ana lura. Abu biyu ake nema, wahalar mu'amala da kuma maimaita ɗabi'a ɗaya tare da tsananin jin abubuwa, sannan dole a tabbatar sun faro tun ƙuruciya kuma suna takura wa rayuwar mutum a yanzu. Daga Maruta ƙofar farko ita ce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, a nemi takardar turawa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun fi taruwa a Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Jigawa na da nata a Kazaure, can ɗaya ƙarshen jihar. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. Kuɗin mota, kuɗin kati, kwana a Kano, neman izini a wurin aiki, duk daga albashin malamin makaranta.

To in an sha wannan wahala aka karɓo takarda, me za ta saya? A Ingila akwai doka ta musamman tun 2009 da ta wajabta wa gwamnati tsara hidima ga manya masu galahanga, kuma ma'aikaci na iya neman a sassauta masa yanayin aiki. A nan, dokar da ta mulki fannin ƙwaƙwalwa tun 1958, wadda tushenta na 1916 ne, tsare mahaukaci kawai ta sani, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A Jigawa, Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta nan Birnin Kudu, ya fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007. Amma idon jama'a naƙasar da ake gani ya sani: makaho, gurgu, kuturu, kurma. Mutum mai digiri da ƙafa biyu ya ce yana da lalura, tsaki zai sha. Magani kuma babu, don ba ciwo ba ne da ake warkewa. Haka aka gina kan mutum.

Asarar kuwa a fili take. A garinmu "an kai shi Dawanau" magana ce da ba ta gogewa. Ƙanina na da 'ya'ya mata, kuma in an zo binciken aure har kaka ake tonowa. Gobe in ya ba da shaida kan iyakar gona, wani zai ce ai mai takardar asibitin ƙwaƙwalwa ne. Wanda zamansa ke tafiya lafiya, matarsa ta san shi, sana'arsa ta karɓe shi, ban ga abin da zai kai shi ba. Haka kuma wanda ya cike tambayoyi a waya ya yanke wa kansa hukunci bai yi wa kansa adalci ba. Fitacciyar takardar tambayoyin nan mai tambaya 50, da Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa suka fitar a Kambirij a 2001, tacewa kawai take yi kafin ganin likita. A ciki har ana tambayar mutum ya zaɓa tsakanin gidan wasan kwaikwayo da gidan tarihi. Mutumin Maruta me zai ce? Tsananin fargaba, ciwon damuwa, waswasi, raunin ji, duk suna iya yin kama da galahanga, kuma kowannensu da hanyar da ake bi masa.

Duk da haka ni cewa na yi ya je, kuma dalilaina nasa ne, ba na kowa ba. An taɓa ba shi maganin da ba nasa ba, kuma muddin babu sahihin bayani a katinsa, ranar da barci ya sake ƙaurace masa za a iya maimaitawa. Masu galahanga sun fi saura yawan faɗawa fargaba da damuwa, waɗannan kuwa ana maganinsu, amma sai likita ya san a kan me suka hau. Ga aurensa na biyu da nake so ya tsaya. Matar da ta san mijinta ba raini ne ke sa shi shiru ba, cewa in tana son abu ta faɗe shi kai tsaye ba da habaici ba, zamanta daban yake da na wadda ke kwana tana tunanin me ta yi masa. Ga yaron, wanda babu mai fahimtar abin da ke toshe masa kunne kamar ubansa, in uban ya daina jin kunyar nasa. Sai na ƙarshe, wanda ya fi sosa mini rai. Mutumin nan ya shekara arba'in yana kwaikwayon mutane. Ya haddace lokacin da ake dariya, yana tilasta wa kansa kallon goshin mai magana don a zaci ido yake kallo, ya dawo gida a wujijjige kamar wanda ya wuni huɗa. Duk tsawon wannan lokaci ɗauka yake shi mugun mutum ne mai girman kai, don haka aka yi ta faɗa masa. Babana ya rasu, gandu ya tafi, babu mai ce masa riƙe igiya in yi magana. Abin da ya rage masa shi ne ya san kansa da kyau, har ya iya faɗa wa shugaban makaranta cewa a ba shi jadawali a rubuce, a sanar da shi sauyi tun da wuri, a bar shi ya yi makin takardu a aji in an tashi maimakon ɗakin malamai. Takardar kuwa sirrinsa ce. Babu dokar da ta ce ya nuna wa surukai ko majalisar ƙofar gida.

Abu ɗaya na ce kada ya jinkirta, ko zai je ko ba zai je ba. Likita zai nemi wanda ya san ƙuruciyarsa, mu kuwa ba mu da katin asibitin yara ko rahoton malamin firamare a ajiye. Tarihinmu a kan tsofaffin mata yake, kuma suna tafiya. A nan ma akwai abin da takardun Turawa ba su hango ba. Su uwa suke cewa a kawo. Inna kuwa ɗan farinta ne: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, in ka tambaye ta yaushe ya fara magana sai ta kau da kai ta ce ita ina ta sani. Wadda ta sani ita ce wadda aka kai wa yaye.

Muka je wurin Gwaggo, yayar su babana, wadda ta riƙe shi tun daga yaye har ya shiga makaranta. Idonta ya yi rauni amma kanta garau. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe littafi a gwiwarsa. Ta ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da tsohon zance?" Ya ce, "Likita ne zai tambaya, Gwaggo." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta fara. Har ƙanwarsa ta fara magana shi bai fara ba, da ya fara kuwa abin da aka faɗa masa yake maimaitawa; in ta ce kana son fura, sai ya ce kana son fura. Ƙwallayen goruba yake jerawa daga bakin ɗaki har bakin rijiya, in kaza ta ture ɗaya sai kuka har la'asar. Ranar aski sai maza biyu sun riƙe shi. Ba ya yarda a goya shi. Ta ce sau da yawa an ba ta shawarar ta kai shi a cire masa iska, ita kuwa ta ce babu inda za ta kai shi, don ta riga ta raini ubansa, ta san irin abin. Yana rubutawa, yana tsayar da ita yana tambayar wace shekara ce, ita kuma tana auna masa da haihuwar wane da rasuwar wance.

Ya yanke shawarar zai je bayan girbi, in ya sayar da riɗinsa, kuma ranar da za a mayar da yaron Kano zai haɗa, don kada gari ya tambayi dalilin tafiya. Ya ce matarsa ta shiga tare da shi. Ita kuma ta ce tambayarta ɗaya ce ga likitan: in ya dawo daga makaranta ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ta bi shi ne ko ta ƙyale shi, in kuma ƙyalewa ce, har zuwa yaushe.